Kunnen da Ya Rage wa Baba

Idan za ka yi wa Baba magana, ka zagayo ta hagunsa. Kowa a gidanmu ya san haka. Kunnensa na dama ya mutu tun ina firamare, na hagun ne ya rage, shi ma sai an ɗaga murya. Ni kuwa ba ni da murya. A makaranta malamai kan sa in maimaita abin da na faɗa, a gida kuma Baba kan kalli bakina ya yi murmushi ya gyaɗa kai, sai in gane bai ji ba.

Sunansa Malam Sale, amma a Dutsin-Ma da Sale Mai Lasifika aka san shi. Tun yana saurayi yake kai kayan sauti wajen biki da suna da wa'azi, daga cikin gari har Dabawa da Makera da ƙauyukan Kurfi. Yanzu yayana Nura ne ke fita da kayan. Yawancin abin da na sani game da sana'ar a zaurenmu na ji shi, inda ake jibge akwatunan sifika, idan na kai wa Baba kunu na tarar yana musu da Yaya Nura da abokansa. Su a ganinsu aikin ba wani abu ba ne: ka tayar da janareto, ka jona waya, ka murɗa. Wani abokin Yaya mai suna Bala ya taɓa cewa ko akuya aka koya wa za ta iya. Sai da aka maimaita wa Baba maganar sannan ya ji. Ya ce a kawo akuyar ya sallami Bala, don ita ko ba komai tana saurare kafin ta yi kuka.

Aikin da ya fi yawan fara ba su labari da shi wani suna ne a Dabawa, lokacin yana koyo a shagon Oga Pita. Oga Pita mutumin kudu ne, Kirista, mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, yana kuma ba da hayar lasifika. Kayan aikin a lokacin ba su da yawa: amfilifaya mai nauyi kamar dutsen niƙa, batirin mota, makirfo da aka naɗe wuyansa da salatif, da lasifika biyu masu faɗin baki irin waɗanda ake ɗaurawa a kan masallaci. A keke suka kai su. Aka ce Baba ya hau darbejiya ya ɗaura, shi kuwa ya ɗaura bakin lasifikar yana kallon makirfo. Ana kunnawa ta saki wata ƙara mai tsini, ragon suna ya tsinke igiya ya bi ta cikin gero, mutane suka bi shi. Oga Pita bai zage shi ba. Ya sa shi ya sake hawa ya juya bakin, ya sake hawa ya duba inda iska ke kaɗawa, ya sake hawa ya ɗaga ta sama da kan mutane, har cinyoyinsa suka yi tsami. Baba ya ce ranar ya koyi cewa sauti kamar ruwan rani yake, idan ba ka yi masa hanya ba sai ya yi wa kansa, ya shiga inda ba a so.

Kayan aiki na farko, in ji shi, ba amfilifaya ba ne, kunne ne. Kafin a fita kowane aiki sai an gwada lasifika ɗaya bayan ɗaya. Ka kunna, ka sunkuya ka sa kunnenka a bakinta, ka saurara ko akwai yashi, wato wani ɗan ƙas-ƙas da ake ji idan abin cikin ya fara gogawa, kamar tsakuwa a shinkafa. Idan ka bar lasifika mai yashi ta je biki, a tsakiyar waƙa za ta kunyata ka. Baba da kunnen dama yake wannan gwajin kullum, don hannun hagunsa na kan maɓalli. Waya kuma tana da tsada, ba a saya da tsawo, saboda haka mai kaya a gindin lasifika yake zama daga farkon taro har ƙarshe. Idan an tashi, kunne kan yi dum kamar wanda ya yi nutso a dam ɗin Zobe. Masu koyo a shagon suna kiran wannan "kunne ya ƙoshi", har gasa suke yi. Wanda kunnensa bai ƙoshi ba, ba a ɗauka ya yi aiki ba. Da safe ya buɗe, a manta.

Wani yinin biki a Makera shi ne misalin da yake bayarwa idan ana maganar masu haya. Uwar amarya ta tura ƙanenta a babur ya je bakin ƙauyen da ke gaba ya tsaya ya saurara. Ya dawo ya ce ana ji, amma kaɗan-kaɗan. Ta aiko wa Baba cewa ba kaɗan-kaɗan ta yi hayarsa ba. Ya ce masu biki duk haka suke, ba don waɗanda suka zo ake ƙara sauti ba, don waɗanda ba su zo ba ne, domin ranar kasuwa a tare su a ce, mun ji ku. Malaman wa'azi ne kaɗai ke cewa a rage, su kalma suke so ta fita sarai. Daga baya manyan akwatuna suka shigo, masu bugun da ake ji a ƙirji, har kwanonin jere na rawa a ɗakin amarya. Baba ya saya, ya jera su, ya ci gaba da zama a gefensu.

Oga Pita shi kaɗai ne ke sa auduga. Yana da ɗan gwangwani a aljihu, kafin a kunna kaya sai ya mulmula ya cusa a kunnuwansa. Yakan ce musu da irin Hausarsa, rediyo akwai safaya, wato kayan canji, a kasuwa, kunne babu safaya. Ba wanda ya damu da shi, ana cewa ai baƙo ne, dama ba jin waƙar yake ba. Amma ga ɗan gari abin ba haka yake ba. Mai kaya ya toshe kunne a gaban mawaƙi, daidai yake da ya tashi a tsakiyar taro ya ce waƙar ba ta sauraruwa.

Wani abokin koyon Baba mai suna Iro ya gwada, a wani biki a Tamawa. Kunnensa ke ciwo, sai ya ari audugar Oga. Mai waƙa a ranar Hajiya Talatu ce, zabiyar Tamawa mai kiɗan ƙwarya, tana kan ganiyarta. Ta hango farin abu a kunnensa, ba ta ko tsaya ba, ta saka shi a waƙa. Ta tambayi mata ko kunnen yaron nan gona ne da auduga ta tsiro a ciki, ko kuwa ulu yake tarawa na lefe. Mata suka karɓa da amshi da guɗa. Kafin sati ya zagayo yara na rera masa a hanya, sunansa ya koma Iro Auduga, ya bar sana'ar ya koma kafinta. Yana nan a Kurfi har yanzu. Baba ya ce idan ka yi raɗa a bayan shagonsa zai leƙo ya ba ka amsa.

Tun daga ranar Baba bai taɓa kusantar auduga ba, kuma shi ya zama mai kayan Hajiya Talatu shekara da shekaru. Idan ya zo kan wannan, muryarsa kan sauka. Ya ce kiɗan ƙwarya ya fi kowane aiki wuya. Akwai ƙwaryar da ake kifawa a ruwa, sautinta mai zurfi ne, akwai busassu masu kaifi, kuma ruwan na fantsama. Sai ya kife turmi, ya ninke zane a kai, ya kwantar da makirfo a kan zanen nesa da ruwan. Muryar Hajiya kuma siririya ce, tana hawa sama kamar zare, idan ka ƙara mata da yawa ta tsage, idan ka rage ƙwarya ta haɗiye ta. Suna da alamu tsakaninsu. Idan ya kife tafin hannu, ta janye makirfo daga baki. Idan ya ɗaga yatsa, ta ƙara murya. Idan ya dunƙule hannu, masu ƙwarya sun yi gaba, ta jira su dawo. Ya ce akwai wani wuri a waƙarta ta rakiyar amarya inda ƙwarya ke tsayawa cak, ita kaɗai ta ja muryar sama. Duk tsawon aikinsa bai fitar da abin da ya kai wannan wurin ba.

Mummunar shekara ita ce shekarar da aka hana taro saboda annoba. Babu biki, babu suna mai kiɗa, aka lulluɓe akwatuna da buhuna. Wannan na gani da idona. Wata rana da hantsi Baba ya ce gyare ya shiga zaure ya hana shi sakat. Ya fitar da akwatunan waje ɗaya bayan ɗaya, ya share ɗakin, Mama ta barbaɗa toka a kusurwoyi. Bai daina ji ba. Ya ce to amfilifaya ce ke tsiyaya, ya je ya zare wayarta, alhali tun jiya babu wuta. Washegari ya tafi gonarmu ta hanyar Makera, ya dawo ya ce gyaren ya bi shi har can. Ya kira ni ya tsayar da ni a tsakiyar zauren, ya ce, "Hadiza, ke kunnenki sabo ne. Kina jin shi?" Na saurara iya ƙoƙarina, don ina so in ji. Ba komai sai kukan kurciya a kan katanga. Na girgiza kai. Ya zauna a kan akwati, ya daɗe yana kallon tokar.

Ashe gyaren ya daɗe a cikin kunnensa, hayaniyar aiki ce ta rufe shi. A asibiti wata ma'aikaciya ta gaya masa cewa a can cikin kunne akwai wasu abubuwa da suka fi gashin masara siranta, ƙara mai yawa na kwantar da su, idan abin ya yi ta maimaituwa ba sa sake tashi. Wannan dum ɗin da suke kira ƙoshi, ta ce, gargaɗi ne. Na dama ya tafi, ba magani. Na hagu da saura, amma idan ya koma gindin sifika haka nan, zai bi ɗan'uwansa. Ta ba shi wasu 'yan soso masu launin lemo, ana murza su a cusa su kumbura a ciki, ta ce sun fi auduga nesa ba kusa ba. Ya zuba su a gwangwanin man shafawa ya ajiye a kan taga. Da aka buɗe taro ya miƙa wa Yaya Nura kaya, ya miƙa masa gwangwanin. Yaya ya karɓi kayan, ya bar gwangwanin a inda yake.

Na lura siraran sautuka ne suka fara guduwa daga Baba. Ba ya jin tsuntsaye, ba ya jin cokali idan ya faɗi, ba ya jin yara da mata sosai. Yana jin ladan, don shi ya ɗaura lasifikar masallacin unguwarmu. Oga Pita ya tsufa ya koma garinsu tuntuni, amma duk Sallah sai ya bugo waya. Ni nake riƙe wayar, in saurara, in faɗa wa Baba a kunne. Bara yana cikin gaisuwa ya ce yana jin zakara na cara a bayanmu, ya tambaya ko na yanka ne. Da na isar da saƙon, Baba ya waiga yana neman zakaran.

Da kakar bana saƙo ya zo daga Tamawa. Hajiya Talatu ta daɗe da barin waƙa, amma za a aurar da jikarta, ta ce za ta yi sau ɗaya, kuma ba za ta riƙe makirfo ba sai Sale ne a bayan kaya. Mama ta ce ba inda za shi, ai ya ji abin da aka faɗa a asibiti. Yaya Nura ya ce shi zai iya. Baba ya tashi ya ɗauko gwangwanin daga taga ya hure ƙurar kansa. Nan Yaya ya tsorata da gaske. Ya matso ta hagu ya ce, Baba, wannan matar ita ta kori Iro, yanzu kuma kowa da waya a hannu, kafin mu dawo gida an gama yawo da kai a duniya. Ya ce ko dai a je haka nan a daure na yini ɗaya, ko a ba da haƙuri. Baba ya sa gwangwanin a aljihu. Ya ce in shirya, ni zan riƙa isar masa da abin da mata ke cewa.

Bayan azahar aka fara, a filin ƙofar gida, ƙarƙashin rumfa. Na ga yadda yake aiki a karon farko. Ya sa aka juya akwatunan suna kallon fili, ya ja teburinsa baya iya tsawon waya. Ya aika aka aro turmi, ya kife, ya ninke zane. Bai sa kunne a bakin sifika ba, tafin hannunsa ya ɗora a jikin akwatin, ya ce wa Yaya Nura ya tsaya daga nesa ya saurari yashi. Sannan ya buɗe gwangwani, ya ba ni guda biyu, ya murza nasa ya cusa. Da farko ya jawo hularsa ta rufe kunnuwan. Can kuma sai na ga ya tura ta sama, launin lemon ya fito fili.

Hajiya Talatu ta fito, 'yar ƙaramar tsohuwa da jan lalle har gwiwar hannu. Ƙwarya ta ɗauka, ta fara, ta juyo tana neman hannun Baba kamar yadda ta saba. Sai ta daina. Ta ɗaga hannu, masu ƙwarya suka tsaya. Ta miƙa wa wata makirfo, ta tako har gaban teburinmu, mata na buɗa mata hanya. Na ga wayoyi sun tashi sama. Na zare soson kunnena ɗaya.

"Salele," in ji ta da ƙarfi. "A gabana?"

Baba ya karanta bakinta. Ya miƙe tsaye ya ce, "Hajiya, ɗaya ya rage mani. Ina so in ajiye shi."

Ta ci gaba da kallonsa. Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, me ya ce?"

Baba ba a hankali ya yi maganar ba, har na bayan rumfa sun ji. Na faɗa mata, ta kawo kunnenta kusa ta ce in ƙara. Na ƙara, ta girgiza kai. A karo na uku na buɗe baki na faɗa da muryar da ban san ina da ita ba, a gaban duk matan Tamawa, cewa ya ce ɗaya ya rage masa, yana so ya ajiye shi.

Hajiya ta sa yatsa ta taɓa soson da ke kunnen Baba, kamar mai taya zane a kasuwa.

"Ajiye shi," in ji ta. "Ni ban ajiye ko ɗaya ba. Ka zaci don kyanka na aika? Hannun nan nake so, ba na jin kaina."

Mata suka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta koma ta karɓi makirfo, idonta a kan hannun Baba. Shi kuma ba jin ta yake sosai ba. Hannunsa na hagu na kan akwati yana bin bugun ƙwarya, idonsa na kan Yaya Nura, Yaya na gaya masa da kai ko muryar ta fito, shi kuma ya mayar mata da yatsa ko tafi. Haka suka yi ta yi su uku har la'asar ta wuce. Da na duba da kyau, na ga ɗigon lemo a kunnen Yaya guda ɗaya, na ɓangaren sifika, wanda Bala, da ya biyo mu ɗaukar kaya, ba ya gani daga inda yake tsaye.

Da aka zo rakiyar amarya, ƙwarya ta tsaya cak, Hajiya ta ja muryar sama ita kaɗai. Ta tsufa, zaren na rawa, amma ya hau. Tsofaffin mata suka rufe fuska da gyale. Na kalli Baba. Hannunsa ya tashi zuwa kunnen hagu, yatsunsa suka kama bakin soson. Ya tsaya a haka har ta sauko. Bai cire ba.

Ana ɗora kaya a mota rana ta kusa faɗuwa. Ni da Baba muka koma gefe, bakin wata gona da aka tara karan dawa. Ya zare soson ya mayar a gwangwani, ya ɗan jijjiga kai, ya haɗiyi yawu kamar mai gwada ko kunnen ya ƙoshi. Sannan ya juyo mani da hagunsa ya sunkuyo, ya ce in faɗi wani abu, ba irin na ɗazu ba, yadda nake magana da Mama a madafa.

A cikin karan wani abu ya fara kuka siriri, wani ya amsa masa daga can. Na matsa kusa, na ce da muryata ta kullum, "Baba, gyare na kuka."

Ya kalli karan dawan. Sannan ya ce, "Naki ko nawa?"